Takardun kamfani a cikin kwamfuta: abin da ya kamata ku sani kafin ku sayi manhaja

Duk wanda ya saba bi ta Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi da safiyar ranar aiki ya san yadda wurin yake. Lauyoyi da yaransu na saukowa daga mota rungume da fayil-fayil, wasu an ɗaure da zare, wasu an cusa a jakar bakko saboda yawa. Babbar Kotun Tarayya tana kan wannan titi, kuma cikin masu shiga da fita akwai 'yan kasuwar da rigimar haraji, ko bashin banki, ko saɓanin masu hannun jari ya kawo. A gaban alƙali "wallahi na biya" ba ta wadatarwa. Abin da za a tambaye ka shi ne, ina takardar?

Kamfanoni masu matsakaicin girma su ne wannan tambaya ta fi kayarwa. Mai shago ɗaya littafi guda ya ishe shi, kuma ya san abin da ke kowane shafi. Bankuna da manyan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa galibi suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai kula da takardu. Na tsakiya ne ke cikin tsaka mai wuya. A ma'aunin hukumar SMEDAN, matsakaicin kamfani shi ne mai ma'aikata 50 zuwa 199, amma maganar da zan yi ta shafi har mai mutum ashirin ko talatin, muddin takardunsa sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Irin waɗannan sun cika ƙaramar hukumar Tarauni: asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaji da manyan shagunan magani da ke kewaye da Asibitin Malam a Titin Zariya, makarantun kuɗi na Daurawa da Darmanawa, dillalan waya na Farm Centre masu rassa biyu ko uku, kamfanonin kwangila da na sufuri da ke kan Titin Maiduguri har zuwa Hotoro.

Shiga ofishin ɗaya daga cikinsu ka nemi rasit ɗin kayan da aka kai wa wani kwastoma shekara biyu da suka wuce. Amsar da za ka ji kusan iri ɗaya ce: "Yallaɓai, ai Malam Akawu ne ya san inda yake, shi kuma ya tafi ta'aziyya, sai jibi." In an yi sa'a an lalubo fayil ɗin a saman kabad, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, sai a tarar rasit ɗin POS da aka manna a ciki ya koma farar takarda fes. Irin wannan takarda da zafi ake buga rubutunta, ba da tawada ba, shi ya sa zafin Kano ke goge ta cikin 'yan watanni. Takardar rakiyar kaya kuwa tana cikin WhatsApp ɗin direba, direban ya bar aiki, wayar ma an sace ta tuni. Ba wanda ya yi ha'inci a nan, amma kamfanin ya rasa hujjarsa.

Ga kuma abin da ke zuwa ba sallama. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna. A watan Agusta 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari. A nan cikin Tarauni, gobara ta tashi a kasuwar waya ta Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025. Bayan irin wannan masifa kowa lissafin kaya yake yi, ba a cika maganar littafin bashi da ya ƙone ba, alhali sau da yawa kuɗin ɗan kasuwa da ke hannun mutane ya kai na cikin shago. Ko hukuma ba ta tsira ba: a zanga-zangar 1 ga Agusta 2024 an fasa Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Bako, aka yi awon gaba da takardun shari'a, wasu aka lalata su. Gara da ɓera da yoyon damina kuwa ba sa jiran wata babbar rana, kullum cikin aikinsu suke.

To mece ce manhajar adana takardu, kuma me take yi?

Aikinta na farko karɓa ne. Takarda ta hannu ana ɗaukar hotonta da sikana, wadda ta zo ta imel ko aka rubuta a kwamfuta kuwa kai tsaye take shiga. Daga nan manhajar ta karanta rubutun da ke jikin hoton ta mai da shi kalmomi, abin da masu sana'ar ke kira OCR. Sai a liƙa wa kowace takarda bayananta: wace iri ce, daga wa, ta wace rana, nawa ne kuɗin, wane reshe. Wannan liƙa bayani shi ne zuciyar aikin. Da shi ne manaja zai rubuta sunan kwastoma da shekara, takardunsa duka su bayyana kafin shayi ya huce, ko da Malam Akawu yana Makka.

Sauran ayyukanta su ne suka raba ta da tara hotuna a waya ko a Google Drive na wani ma'aikaci. Tana ware wanda zai ga me: mai karɓar kuɗi ya ga rasit, amma kada ya ga takardar albashin abokin aikinsa. Tana rubuta sawun kowa, wa ya buɗe, wa ya gyara, wa ya buga, ƙarfe nawa. In an gyara yarjejeniya sau biyar tana riƙe da dukkan biyar ɗin, kuma ta nuna wacce ce ta ƙarshe. Tana iya tura takardar neman biya daga mai kula da sito zuwa akanta zuwa maigida, kowa ya sa hannu a wayarsa, ba sai masinja ya bi Alhaji gida da fayil ba. Sannan tana sanin ranar da wa'adin kowace takarda zai cika, ko lasisi ne da ke bukatar sabuntawa, ko tsohon fayil da lokacin zubar da shi ya yi.

A ganina rubuta sawun nan ya fi komai daraja ga kasuwancin Kano. Yawancin kamfanoninmu na dangi ne. Ɗan'uwa ne a kan kuɗi, suruki a sito, ɗan aminin Alhaji a kan saye. Kunya ba ta barin a ce wa mutum kai ne ka canza wannan adadi, sai a yi ta zargi a zuci har zumunci ya lalace. In na'ura ce ke riƙe da sawu, mai gaskiya ya huta, mai niyyar wasa da lissafi kuma ya san ba duhu. Haka nan ranar da mai kamfani ya kwanta dama, magada ba za su zauna suna tambayar juna ina takardar filin Unguwa Uku ba, ko su waye ake bi bashi.

Manhajojin suna da yawa, kuma sunayensu kada su ruɗe ku. Akwai manya da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, irin DocuWare ta Jamus, M-Files ta Finland da Laserfiche ta Amurka. Akwai SharePoint, wadda da yawa suna biyan kuɗinta a cikin Microsoft 365 ba su ma san suna da ita ba. Akwai Google Workspace da Zoho WorkDrive, waɗanda suka fi kusa da ma'ajiyar haɗin gwiwa, amma in an tsara su da kyau suna isar kamfani mai mutum talatin. Akwai kuma na kyauta da kowa zai iya saukewa, irin Paperless-ngx da Mayan EDMS da Nextcloud. Kyautar a nan ta lasisi ce kawai. Dole a biya wanda zai kafa, ya riƙa sabuntawa, ya kuma amsa waya ranar da abu ya tsaya. Abin da zan hana ku kai tsaye shi ne manhajar sata da wani yaro zai zuba muku daga filas a kan kuɗi kaɗan. Ta nan ɓarayin intanet kan shigo.

Babbar shawarar da ke gabanku ita ce inda takardun za su zauna. Ko dai a kwamfutocin wani kamfani ku riƙa isa gare su ta intanet, ko a wata na'urar ajiya a cikin ofishinku. Kowanne da irin ciwon kansa, kuma mu a nan mun ɗanɗana duka biyun. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga wahala kwana da kwanaki. A watan Oktoba na shekarar kuma yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Wanda duk takardunsa ke intanet ya ji a jikinsa a karo na farko, wanda na'urarsa ke ofis ba sola ba inbata ya ji a karo na biyu.

Akwai kuma maganar dala. Yawancin manhajojin waje ana biyansu ne duk wata, a kan kowane ma'aikaci, da kuɗin waje. Kafin watan Yuni 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi kasafinsa a kan tsohon farashi ya wayi gari kuɗin manhaja ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Saboda haka ku tambaya tun farko da wane kuɗi za a biya, kuma ku lissafa na shekara uku, kada ku tsaya a na wata ɗaya. Wurin ajiya shi kansa ba tsada gare shi ba. Shafi guda baƙi da fari ba ya cin wuri sosai, faifai mai terabayit ɗaya zai ɗauki miliyoyin shafuka. Kuɗin yana tafiya ne a lasisi da sikana da lokacin ma'aikata.

Ko wanne kuka zaɓa, ƙa'idar da masana suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Faifan ajiya da ke cikin durowa ɗaya da kwamfutar ba kariya ba ne, wutar da ta ci wannan za ta ci wancan. Kuma ku lura da kuskuren da mutane da yawa ke yi: fayil ɗin da ke daidaita kansa tsakanin kwamfuta da intanet ba ajiyar ko-ta-kwana ba ne. In an goge a nan ya gogu a can, in muguwar manhajar nan mai kulle takardu ta nemi kuɗin fansa ta kama wannan, gurɓataccen kwafin ne zai hau can. Irinta ce, mai suna WannaCry, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila a watan Mayu 2017. Ku sa a riƙa gwada dawo da takarda daga ajiyar lokaci-lokaci a gabanku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga doka, domin nan ne aka fi yi wa mutane gurguwar fassara. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya riƙe takardun lissafinsa shekara 6. Masu haraji ma, na tarayya da na jiha, suna iya waiwayar shekarun baya su ce a kawo hujja, kuma duk kashe kuɗin da ba ka da takardarsa suna iya ƙin amincewa da shi. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 sun ƙara tura al'amura zuwa kwamfuta, kuma a shekarar ce hukumar haraji ta tarayya ta fara tsarin fitar da takardar ciniki ta intanet da kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara, da niyyar saukowa zuwa na ƙasa da su. Gwamnatin tarayya ita kanta ta sa wa ma'aikatunta ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin barin aiki da fayil na takarda.

Shin kotu na karɓar abin da aka fitar daga kwamfuta? Tana karɓa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe wannan ƙofa, gyaran da aka yi wa dokar a 2023 kuma ya ƙara fayyace matsayin bayanan lantarki da sa hannu ta na'ura. Amma da sharaɗi. Sai an nuna cewa kwamfutar ita ce ake aiki da ita yau da kullum, tana aiki daidai a lokacin, kuma wani mai alhaki ya ba da shaida ko ya sa hannu a takardar tabbatarwa da ke bayyana yadda aka fitar da bayanin. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan sharaɗi a shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa. A nan manhaja mai riƙe sawu ke yi wa lauyanka amfani, don tana nuna ranar da takarda ta shiga da cewa ba a taɓa ta ba. Duk da haka kada wani mai talla ya ce muku ku yi sikanin ku ƙone na asali. Takardar mallakar fili, shaidar rajistar kamfani, yarjejeniya mai hatimi da sa hannun shaidu, takardar jingina, duk ku ɗauki hotonsu, sannan ku kulle na asalin a akwatin ƙarfe mai jure wuta.

Sai dokar da ta fi shafar asibitoci da makarantu, wato Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Sakamakon gwajin mara lafiya, lambar NIN ta ma'aikaci, hoton ɗaliba da adireshin iyayenta, duk amana ce a hannun kamfani, kuma yanzu akwai hukuma, NDPC, da ke bin kadinta. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, doka ta ba da awa 72 a sanar da hukumar. Tara tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuwa miliyan 10 ko kashi 2. Ni abin da ya fi damuna ba tarar ba ce. Sakamakon gwajin aure ko na wata cuta da mutum ke ɓoyewa, yana yawo a zauren WhatsApp na ma'aikata, zai iya raba aure ko ya zubar da mutuncin gida. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kowane ɗakin gwaji a Gyaɗi-Gyaɗi ya ware wanda ke da ikon ganin me.

Akwai wata matsala tamu ta gida da mai tallan manhaja ba zai faɗa muku ba. Karanta rubutu da na'urar ke yi ya fi kyau a kan Turanci bugagge. In takarda da Hausa take, tana iya ɗaukar ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d, ko ta mai da su wata alama dabam. Rubutun hannu na littafin bashi yana ba ta wahala, ajami kuwa kada ma ku sa rai. Ga kuma sunayenmu. Kwastoma ɗaya zai fito a fayil a matsayin Muhammad, Mohammed, Muh'd da Mamman, wani ma da laƙabinsa na kasuwa kaɗai aka san shi. Maganin wannan a hannunku yake: kowane kwastoma da kowane mai kawo kaya a ba shi lamba guda, a tsayar da rubutun suna iri ɗaya, a rubuta kwanan wata da shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, don takardu su jeru da kansu. In ba a yi haka ba, manhaja mafi tsada a duniya za ta zama buhun bakko ne kawai a cikin kwamfuta.

Shi ya sa nake cewa sayen manhaja shi ne mataki na ƙarshe. Ku fara zama da akanta da sakatare da mai sito, ku rubuta a takarda guda irin takardun da kuke da su, wa ke bukatar kowacce, shekara nawa za a riƙe ta. Ku fara da na yau, kada ku fara da ɗakin tsofaffin fayil, don a nan gwiwa ke sanyi. Daga ranar da aka tsayar, duk takardar da ta shigo a yi mata sikanin kafin a tashi aiki, rasit ɗin POS tun rubutunsa bai goge ba. Sikana mai jan takarda da kanta tana yin shafi talatin ko fiye a minti, muddin an cire fil an miƙe naɗi. Ƙarfin hoto na dpi 300 a sikana ya isa, kuma abin da za a daɗe ana ajiye da shi a sa shi a tsarin PDF/A, wanda aka ƙera don ya buɗu ko bayan shekaru. Tsofaffin sai a bi su sannu a hankali, a fara da masu haɗari: filaye, kwangiloli, basussuka, haraji.

Kada kuma a mai da Malam Akawu abokin gaba. Tsohon ma'aikacin da ya shekara ashirin yana riƙe da fayil zai ga kamar an zo ƙwace masa kujera, kuma in bai so ba aikin ba zai tafi ba. Shi ya san wace takarda ce ke da muhimmanci, shi ya san Alhaji wane da Alhaji wane mutum ɗaya ne. A sa shi a kan tsarin, a haɗa shi da matashi mai hannu a kwamfuta, a gaya masa a fili cewa iliminsa ake so a adana.

Ranar da mai sayar da manhaja ya zo ofishinku, kada ku bari ya yi muku nuni da takardunsa na talla. Ku miƙa masa naku guda ashirin, har da mai rubutun hannu da mai Hausa da rasit ɗin da ya fara dusashewa, ku ce ya shigar ya nemo a gabanku. Ku tambaye shi a wace ƙasa bayanan za su zauna, wa zai zo in abu ya lalace, daga Kano yake ko sai an jira wani daga Legas. Babban asusun manhajar da kalmar sirrinsa su kasance da sunan kamfani, a hannun mai kamfani, ba a imel ɗin yaron kwamfuta ba, kuma duk ma'aikacin da ya bar aiki a rufe ƙofarsa a ranar. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: in mun daina biya, ko mun ga wata manhajar da ta fi, ta yaya za mu kwashe takardunmu duka tare da bayanansu, cikin kwana nawa, kuma a kan nawa? Ku sa ya rubuta amsar a cikin yarjejeniya. In ya ƙi, kada ku sa hannu.